Me ya sa dodon roba yake hana mutum tashi daga gaban talabijin?

"Malam, ina da wata ɗabi'a da ta fara ba ni kunya. Ina son finafinan dodanni masu arha, irin waɗanda kada yake cinye mutane a tafki, ko ƙaton gizo-gizo ya afka wa gari. Ina kallo ina ganin dodon roba ne, wani lokacin har ɗinkin rigar nake hangowa, amma sai na kai ƙarshe, in kuma nemo wani. Manyan finafinan da aka kashe wa miliyoyi kuwa sau da yawa barci suke sa ni. Mai ɗakina ta ce ido na ne bai san abu mai kyau ba. Gaskiyarta ce, ko akwai wani abu a cikin finafinan nan?"

Ɗan'uwa, ka gaishe da mai ɗakin naka, ka ce mata tana da rabin gaskiya. Yawancin finafinan nan ba su da kyau, kuma ba zan yi maka ƙarya a kan haka ba. Na shafe shekaru ina tace fim da haɗa sauti, na ga irinsu da yawa tun suna ɗanyu, kafin a shafa musu mai. Amma in na fahimce ka, ba ka tambaye ni ko suna da kyau ba. Abin da kake son sani shi ne yadda abin da kake ganin aibinsa ƙiri-ƙiri yake riƙe ka, alhali wanda ba ka ga aibinsa ba yana sa ka hamma. Amsar da aikina ya koya mini ita ce, fim mai arha ba ya iya gama aikinsa shi kaɗai, dole sai ka taya shi. Mutum kuwa ba ya barci a kan aikin da hannunsa yake ciki.

Inda abin ya samo asali

Tun shekarun 1930 gidajen sinima a Amurka suka fara nuna fim biyu da tikiti ɗaya: babba mai taurari, da ƙarami mai cike lokaci. Wannan ƙaramin shi ake kira fim ɗin B. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen siniman da suka mallaka, talabijin kuma ta shiga gidaje ta janye iyaye. Sai aka bar samari da 'yammata, masu zuwa siniman fili inda ake kallo daga cikin mota. A ƙarshen shekarun 1950 irin waɗannan filaye sun kai kimanin 4,000, kuma kowane mako suna buƙatar sabon fim.

Ƙananan kamfanoni suka cike gurbin. Wanda ya fi suna shi ne American International Pictures na James Nicholson da Samuel Arkoff. Su da sunan fim da hoton talla suke farawa. In masu gidajen sinima sun nuna sha'awa, sannan a nemi wanda zai rubuta labarin da zai dace da hoton. Roger Corman, wanda ya rasu a 2024, ya yi fice a wannan fage, har akwai fim ɗinsa na 1960, The Little Shop of Horrors, mai tsiron da ke cin mutane, wanda aka ɗauki mafi yawansa cikin kwana biyu da dare ɗaya. A wurin Corman manyan daraktoci irin su Francis Ford Coppola da Martin Scorsese da James Cameron suka yi koyon aiki. Saboda haka in ana raina wannan layi, a tuna cewa daga cikinsa manyan suka fito.

Dalilin da ya sa mai ƙaramin jari yake zaɓar dodo a fili yake. Tauraron fim yana da tsada, dodo kuwa ba ya karɓar albashi, ba ya jinkirin zuwa wurin aiki, kuma ba ya buƙatar fassara. Kada kada ne a kowace ƙasa. Wuri ɗaya ya isa, daji ko jirgin ruwa ko kangon gida, da mutum shida da za a riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da rashi yake koya wa mai fim

A nan ne zan daɗe, don nan ne gidana.

A 1942 kamfanin RKO ya ba wani furodusa mai suna Val Lewton aikin yin finafinan ban tsoro da sharaɗin kada kowane ɗaya ya wuce dala 150,000, kuma kamfanin ne zai zaɓi suna. Sunan farko da aka miƙa masa shi ne Cat People, labarin matar da ake zargin tana rikiɗa ta koma damisa. Da wannan kuɗi ba a iya nuna rikiɗar yadda za ta gamsar. Shi da darakta Jacques Tourneur sai suka ƙi nunawa. Akwai wurin da wata mata take tafiya ita kaɗai da dare, tana jin takun ƙafa a bayanta. Takun ya ɗauke. Ta waiwaya, ba kowa. Ta ƙara sauri. Kwatsam sai wani huci mai ƙarfi ya cika kunne, mai kallo ya zabura yana cewa damisar ce, ashe burkin motar bas ce ta tsaya a gabanta. Har yau masu sana'ar suna kiran wannan dabara da sunan bas ɗin Lewton. Ka duba abin da aka kashe: titi, fitila, mace ɗaya da mota. Damisar kuwa kai ka kawo ta daga cikin kanka, kuma kowa ya fi tsoron damisar da ya ƙera da kansa.

Bayan shekara talatin da uku, dole ta koya wa Steven Spielberg wannan darasi. Fim ɗinsa Jaws na 1975, na ƙaton kifin shak mai cin mutane, ba fim mai arha ba ne, amma kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri. Dole uwar na ƙi, sai aka koma nuna abin da kifin yake yi maimakon kifin: yarinya ana fizgar ta daga ƙarƙashin ruwa, katakon bakin gaɓa yana tafiya da kansa, ganguna masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan teku, ga kiɗan John Williams mai sauti biyu yana ƙara sauri. Sai an wuce awa guda kafin a ga kifin sosai. Matar da ta tace fim ɗin, Verna Fields, ta samu kyautar Oscar, kuma duk mai irin aikina ya san dalili. Tana yanke hoton kifin daidai kafin ido ya gane ƙarya ne.

Hausawa sun riga sun faɗi ƙa'idar: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Dodon da aka bari a gaban kyamara na minti biyu ya zama abin nazari. Ido zai fara lissafa haƙora, ya lura leɓen ba ya motsi, ya ga fatar tana naɗewa a gwiwa kamar wando. Babban fim yana da kuɗin da zai nuna maka dodonsa daga kai har wutsiya, da rana tsaka, daga kowane ɓangare, kuma tunda an biya sai an nuna. Shi ya sa kake hamma. An gama maka komai, ba a rage maka abin yi ba.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na yarda da wannan. Mun taɓa yin wani gajeren fim a kan wata halitta da ke zaune a tsohuwar ma'ajiyar kaya. Abokin aikina ya yi mako uku yana ƙera kanta da roba, ya dasa gashi ɗaya-ɗaya, kuma a kan tebur abin ya yi kyau ƙwarai. Saboda tausayin wahalarsa, a tacewar farko na bar ta a fili kusan minti biyu. Muka tara mutane kaɗan don gwaji. Da ta leƙo daga bayan akwatuna, ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wani daga baya ya ce, "Kai, mura take yi?" Mun shafa mata wani ruwa mai yauƙi a hanci don ta yi ƙyalli. Dariyar da aka yi ba ta tsaya ba har fim ya ƙare. Na koma na yi ta yanka, har abin da ya rage bai wuce daƙiƙa goma sha ɗaya ba: hannu a kan ƙofa, rabin fuska a hasken tocila, inuwa tana wucewa. Sauran na cike da sauti. Na matse jiƙaƙƙen tsumma kusa da makirufo, na kakkarya busassun ƙirare, na ɗauki numfashin kare na rage masa gudu. A gwaji na biyu, da wasu mutanen daban, wata mata ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa ta ɗora a kan kujera, ba ta sauke ba sai da aka kunna fitila. Kan robar nan dai shi ne, ko gashi ɗaya ba mu ƙara masa ba. Abokina ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana.

Sauti shi ne mafi arhar makami, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kunne ba ya bincike irin na ido. Kukan Godzilla na 1954, wanda duniya ta sani, mai tsara kiɗan fim ɗin Akira Ifukube ne ya samar da shi ta hanyar goga safar hannu ta fata mai danƙo a kan tsirkiyar babban gogen Turawa, sannan aka rage gudun sautin.

Nauyin abin da yake na gaske

Ka ce kana hango ɗinkin riga. Wannan ɗinkin yana da nasa amfanin. A cikin rigar Godzilla ta farko akwai mutum, Haruo Nakajima, ɗauke da kaya mai nauyin kusan kilo 100, yana iya jure 'yan mintuna kawai kafin zafi ya galabaitar da shi. An zaɓi riga ne saboda babu lokaci da kuɗin motsa ɗan mutum-mutumi hoto bayan hoto, kamar yadda aka yi King Kong a 1933. Amma idan ya taka ƙaramin ginin da aka ƙera, ginin yana rushewa da gaske, ƙura tana tashi da gaske, haske yana sauka a jikinsa yadda yake sauka a kan kowane abu. Idon ɗan Adam ya ƙware wajen gane nauyi. Dodon roba ƙarya ne, amma ƙarya ce da take tsaye a ɗaki ɗaya da jarumi, in ta kama shi rigarsa tana jiƙewa. Dodon kwamfuta mai arha kuwa shawagi yake, ƙafarsa ba ta danne ciyawa, jarumi yana ihu yana kallon inda ba komai. Ko a Alien na 1979, mutum ne a cikin rigar, Bolaji Badejo, dogo siriri mai tsawon fiye da mita biyu, kuma darakta Ridley Scott ya ɓoye shi cikin duhu don kada a gane siffar mutum.

Kada ka ɗauka ina zagin kwamfuta. Gareth Edwards ya yi Monsters a 2010 da ƙasa da dala 500,000, ya haɗa dodanninsa da kansa a kwamfutarsa, kuma fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa saboda ya bi tsohuwar ƙa'ida: daga nesa, cikin dare, a gilashin talabijin, kaɗan-kaɗan. Bayan shekara huɗu Godzilla na Amurka da aka damƙa masa ya fito.

Me ke faruwa a jikin mai kallo

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna mamakin yadda mutum zai biya kuɗi a tsorata shi. Paul Rozin ya sa irin wannan a rukuni ɗaya da hawan lilon da ke juya mutum a sama: jiki yana cewa akwai haɗari, hankali ya san babu, daɗin yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakaninsu. Dolf Zillmann ya nuna cewa bugun zuciyar da tsoro ya tayar ba ya kwantawa nan take, sai ya zuba cikin abin da ya biyo baya, shi ya sa murnar kashe dodo take da ƙarfi, dariyar bayan zabura kuma take fin ta kullum. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark sun auna bugun zuciyar mutane a gidan tsoratarwa na wasa, suka ga daɗi yana kaiwa ƙololuwa ne a tsakiya: in tsoron ya yi kaɗan gundura ce, in ya yi yawa azaba ce.

Fim ɗinka mai arha a wannan tsakiyar yake zaune. Haƙora da ruwa mai duhu da abu mai jan ciki suna taɓa tsoron da ya girmi wayewa, irin wanda yake sa wanda maciji ya taɓa sara ya guje wa baƙin tsumma. Ɗinkin rigar kuma yana raɗa maka cewa wasa ne. Ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Akwai kuma wani sauƙi da ba a cika faɗa ba. Fim ɗin mai kisan gilla yana bin ka har gado, don ka san irin mutumin yana nan a duniya. Ƙatuwar ƙaguwa kuwa ba ta da mugunta, yunwa take ji, kuma da an kashe talabijin ta tafi.

Wani lokacin dodon yana ɗauke da tsoron zamaninsa. A watan Maris na 1954 tokar gwajin bam ɗin Amurka a tsibiran Bikini ta sauka a kan wani jirgin masunta na Japan, ta jikkata ma'aikatansa, ɗaya ya rasu daga baya. A ƙarshen shekarar Godzilla ya fito daga teku, gwajin bam ne ya tashe shi. A shekarar dai Amurka ta yi Them!, na tururuwan da tururin nukiliya ya mai da su ƙatti. Ba kowane kadan tafki ne yake da irin wannan zurfi ba, kuma ba na son masu sharhin da suke tono falsafa a cikin kowace roba. Amma ka lura, a finafinan nan kusan kullum akwai mai kuɗi ko mai mulki da aka gargaɗa ya ƙi ji, ya ce kada a rufe bakin ruwa don kasuwa za ta faɗi. Mai kallo ya san ƙarshensa tun daga fitowarsa, yana jira ne kawai.

Wannan sanin ma daɗi ne. Ka san wanda ya ce "bari in je in duba" ba zai dawo ba. Ka san motar ba za ta tashi ba. Kana caca da kanka a kan wa zai fara tafiya, kana yi wa jaruma tsawa kada ta shiga ruwa. Ka ga a nan ma aiki kake yi.

Idan fim ya faɗi ƙasa warwas

Akwai waɗanda ba su tsorata kowa, amma ana son su. Birdemic na 2010, wanda aka yi da kimanin dala 10,000, yana da tsuntsayen kwamfuta da suke tsaye cak a iska suna kaɗa fiffike, jarumai suna kai musu duka da maratayin kaya. Abin da ya sa ake taruwa a kalle shi ana dariya shi ne wanda ya yi shi da gaske yake, ya yi imani yana yin babban fim. Tazarar da ke tsakanin burinsa da abin da hannunsa ya iya ita ce abin kallon, kuma dariyar tana da ɗan tausayi a ciki.

Daga nan 'yan kasuwa suka gane ana iya sayar da rashin kyau da gangan. Kamfanin The Asylum ya yi Sharknado, guguwa mai ɗauke da kifayen shak, tashar Syfy ta nuna shi a 2013, mutane suka cika Twitter da ba'a a daren, aka yi ta yi har guda shida zuwa 2018. Ra'ayina, kuma na san wasu za su ƙi, wannan shi ne mafi raunin rukunin. Fim ɗin da ya riga ka yi wa kansa dariya ya ƙwace maka aikinka, kamar mai ba da labari da ke ƙyalƙyala dariya kafin ya kai ƙarshe. Yana tafiya a cikin taro, amma zauna ka kalle shi kai kaɗai ka ga yadda minti arba'in yake da tsawo.

Iyakar wannan bayani

Abin da na faɗa ba ya nufin talauci yana haifar da gwaninta. Araha ba ta ado. A kan kowane fim ɗaya da rashi ya sa masu shi suka yi dabara, akwai tarin waɗanda suka ɓoye dodon don kawai ba su da shi, suka cika awa guda da mutane suna yawo a daji suna gardama. Ɓoyewa tana aiki ne idan an yi alƙawari kuma aka cika. Mai kallo ya ba ka haƙurinsa, dole a ƙarshe ka nuna masa wani abu, ko da na daƙiƙa biyar ne. Ƙa'idar ma tana da masu karya ta su ci nasara: The Thing na John Carpenter, 1982, ya baje halittarsa a gaban fitila, kuma aikin Rob Bottin ya jure kallo. Sai dai wannan ya ci kuɗi da fiye da shekara guda na aiki.

Haka kuma mutane sun bambanta. Inda kai kake jin daɗi, wani ya riga ya shiga azaba, wani kuma bai fara jin komai ba. Mai ɗakinka wataƙila labari da hira take nema a fim, abin da waɗannan suka fi talauci a kai, don haka kada ka matsa mata. Yara ƙanana kuma ba sa ganin ɗinkin da kake gani, a wurinsu kadan gaske ne, sai ka jira su yi barci.

In kana son ka gwada maganata, ɗauki wanda ka fi so a cikinsu ka sake kallo da agogo a hannu, ka lissafa daƙiƙun da dodon yake a fili kafin rubu'in ƙarshe. Sannan ka koma wurin da ya fi sa ka zabura, ka kashe sautin gaba ɗaya, ka kalle shi haka.